Kafin ka ce “likita zan zama”, shin ka iya zaɓe kuwa?

Maganar da muka ɗauko a wannan makon ta fi shafar 'yan aji uku da ke shirin tsallakawa babbar sakandare, da 'yan aji shida da ke shirin cike fom ɗin JAMB. Amma sauran ma kada ku ajiye jaridar, domin layi ne, kowa sai ya zo kansa.

Bari mu fara da ranar da muka yi namu zaɓen. Makon farko ne na aji huɗu. Malami ya shigo da takarda a hannu, ya ce masu son kimiyya su koma gefen taga, masu son adabi su koma bayan aji, 'yan kasuwanci kuma su tsaya inda suke. Duka-duka abin bai ci minti goma ba. Mu dai gefen taga muka nufa, ba don komai ba sai don mun ga duk masu zuwa na ɗaya zuwa na goma can suka yi, kuma a lokacin ana yi wa ajin adabi kallon mafakar waɗanda lissafi ya koro. Wata yarinya ƙawarta kawai ta bi. Wani tun daga gida yayansa ya gama yanke masa hukunci. Wani kuwa, har yau muna tuna shi mu yi dariya, ƙyuyar ɗaga jaka ce ta sa ya tsaya inda yake, ya wayi gari ɗan ajin kasuwanci. Babu wanda aka tambaya dalilinsa, kuma da an tambaya ɗin ma da mun sha kunya.

Minti goman nan shekara guda cur suka ci mana. Da ƙyar muka riƙa jan Fiziks da Kemistiri har muka gama, muka cike likitanci a JAMB saboda shi kowa yake cikewa, makin bai kai ba, muka zauna a gida muna kallon abokai suna tafiya jami'a. A karo na biyu ne muka nutsu muka nemi tsangayar ilimi, inda muke karatu yanzu. Namu ma da sauƙi. Akwai abokinmu da ya zana JAMB sau uku yana neman likitanci, mahaifinsa na biyan kuɗin fom da na darasin yamma daga ɗan abin da yake samu a kasuwa. Sai a shekara ta uku ya ji cewa ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, da gashin ƙashi, da awon jini a ɗakin gwaje-gwaje, kowannensu digiri ne mai zaman kansa a jami'a, kuma da darussa huɗun nan da yake zanawa ake nemansu: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Labari ne bai same shi ba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya duba ko ya san hanyar neman labarin.

A wani kwas da muke yi a wannan zangon ne muka ci karo da abin da ya sa muka rubuta wannan. Ashe zaɓen sana'a ƙwarewa ce kamar karatu ko tuƙi, ana koyon ta, wani ya fi wani iya ta, kuma masana sun fi shekara hamsin suna ƙera ma'aunai na gane inda yaro yake da ƙarfi a cikinta da inda yake da rauni. Ku lura da kyau, ba awon ilimi ake nufi ba. Ɗalibi zai iya cin maki 300 daga cikin 400 na JAMB, amma a zo wajen yanke shawara a tarar ɗan aji uku ya fi shi.

Tarihin abin a taƙaice, a Amurka ya faro. Wani mutum mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin ba matasa shawara kan sana'a a birnin Boston a shekarar 1908, littafinsa kuma ya fito a 1909 bayan ya rasu. Abin da ya koyar sassa uku ne: mutum ya san kansa, ya san ayyuka da sharuɗɗansu, sannan ya yi tunani na hankali wajen haɗa biyun. A nan Nijeriya, masana fannin suna danganta farkon aikin da shekarar 1959, lokacin da malaman makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta tanadi a sa malaman ba da shawara a makarantun sakandare. Shi ne malamin gaidans ɗin nan da wasunku ba sa zuwa ofishinsa sai an kama su da laifi, in ma makarantar tana da shi ke nan.

Wanda ya fi burge mu a cikin masu awon nan shi ne John Crites, wanda ya fitar da ma'auninsa a 1973. Shi ya karkasa iya zaɓen sana'a gida biyar, kuma a nan muke son mu ɗan daɗe, domin kowannenku zai iya auna kansa da su yana zaune.

Na farko sanin kai. Ba “ina son taimakon mutane” ba, wannan kowa na faɗa. Malamin da ya san aikinsa zai tambaye ka wane darasi ne kake karantawa ko babu jarrabawa, wane aiki ne kake yi har a kira ka cin abinci ba ka ji ba, sannan ya ɗauko sakamakonka na zango shida ya ajiye kusa da amsarka. Idan ka ce kai gwanin lissafi ne, takarda kuma ta nuna 42 da 45 da 40, to akwai rata tsakanin yadda kake ganin kanka da yadda kake, kuma wannan ratar ita ake aunawa. Haka in ka ce ba ka iya komai ba alhali kai ne kake gyara wa duk layinku waya.

Na biyu sanin ayyukan kansu, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa warwas. Ku gwada ku lissafo sana'o'in da kuka sani. Likita, lauya, injiniya, soja, malami, ma'aikacin banki, sai a fara inda-inda. To ko waɗannan ɗin, me muka sani game da su? Likitanci shekara 6 ne a jami'a, sai shekarar horo a asibiti, sai hidimar ƙasa. Lauya shekara 5, sannan makarantar horar da lauyoyi. Injiniya shekara 5. NCE shekara 3. A kwalejin kimiyya da fasaha ƙaramar difiloma shekara 2 ce, sai shekarar koyon aiki, sai babbar difiloma wata shekara 2. Yarinyar da ke son aikin jinya ta san akwai aikin dare? Yaron da ke son aikin soja ya san ba shi zai zaɓi garin da za a kai shi ba?

Na uku shi ne tsayar da manufar da ta dace da abubuwa biyun farko, na huɗu kuma tsara hanyar kai wa gare ta. Wannan na huɗun shi ne mai cizo a tsarin karatunmu, saboda ƙofofi suna rufewa tun da wuri ba tare da an ji ƙararsu ba. Mai son zama lauya da bai ɗauki Adabin Turanci a aji huɗu ba, mafi yawan jami'o'i ba za su kalli takardarsa ba. Mai son injiniya dole Lissafi da Fiziks da Kemistiri su kasance cikin darussansa na JAMB. Wasu jami'o'in ba sa karɓar sakamakon zama biyu a likitanci. Duk wannan yana rubuce a kundin bayanin kwasa-kwasai na JAMB, kyauta, amma ɗalibai nawa ne suke buɗe shi kafin mai shagon kwamfuta ya cike musu fom?

Na biyar shi ne abin yi idan hanya ta toshe. Crites ba ya tambayar ɗalibi kai tsaye ko ya iya warware matsala, domin kowa zai ce ya iya. Sai ya ba shi labarin wani matashi da ya shiga tsaka mai wuya, da zaɓin amsoshi, a ga wacce zai ɗauka. Ga misali irin namu na gida da muka tsara da kanmu. Yarinya ce mai son aikin jinya, ta samu kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri, Fiziks ya kayar da ita. Ta haƙura da karatu? Ta cike fom ɗin haka nan ko za a dace? Ta koma duk kwas ɗin da aka ba ta? Ko kuwa ta sake zana Fiziks ɗin a NECO ko a jarrabawar ƙarshen shekara, bayan ta tabbatar makarantar da take nema tana karɓar zama biyu? A takarda amsar a bayyane take. Amma ku duba unguwarku ku ƙirga mutum nawa ne suka ɗauki ta farko ko ta biyu. Wannan gida na biyar ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kusan mutum miliyan biyu suka yi rajistar JAMB a 2024, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka saki sakamakonsu ba su kai maki 200 ba. Wanda bai tanadi hanya ta biyu ba, zaman gida ya tanada.

Bayan Crites da shekara goma, a 1983, wasu masana mata biyu, Karen Taylor da Nancy Betz, suka ɗauki gidajen nan biyar suka juya tambayar. Maimakon a auna ko ka iya, sai a auna yadda ka yarda da kanka cewa za ka iya. Ana karanta maka aiki, alal misali neman bayani kan wata sana'a ko sauya kwas in na farko bai yi ba, kai kuma ka faɗi ƙarfin gwiwarka a kansa, daga babu sam zuwa cikakke. Da farko mun ɗauka wasa ne, wa ya damu da abin da yaro yake ji a ransa? Sai muka tuna da kanmu a shekarar zaman gida. Mun san akwai jami'a a garinmu, mun san akwai ofishin ɗaukar ɗalibai, amma wata shida muka yi ba mu iya taka ƙafa mun je mun yi tambaya ba, don gani muke za a kore mu. Wanda bai yarda zai iya ba, ko gwadawa ba ya yi. Ƙannenmu mata, wannan ya fi shafar ku. Tun a 1981 Nancy Betz ɗin nan da abokiyar aikinta Gail Hackett suka gano a binciken da suka yi kan ɗaliban jami'a a Amurka cewa mata ba su cika yarda za su iya ayyukan da aka saba ganin maza a kai ba, irin su injiniya, alhali a jarrabawar ƙwazo ba a bar su a baya ba. Can ke nan. Ku da kanku kun san 'yan mata nawa ne a ajinku suke cin Lissafi amma ko a mafarki ba sa kawo injiniya a ransu.

Akwai wani nau'in awon da ya fi waɗannan shahara, kuma kada ku haɗa su. Shi ne awon sha'awa. John Holland ya raba mutane da ayyuka gida shida: masu son aikin hannu da injina, masu son bincike, masu ƙirƙira, masu son hulɗa da taimakon jama'a, masu jagoranci da ciniki, da masu son tsari da aikin takardu. A nan gida ma Farfesa Christopher Bakare na Jami'ar Ibadan ya fitar da ma'aunin sha'awar sana'a a 1977, kuma malaman gaidans sun daɗe suna amfani da shi. Yana da amfani, amma abu ɗaya kawai yake gaya maka, wato inda zuciyarka ta karkata. Ba ya gaya maka ko ka san hanyar zuwa can. Irin waɗanda kuke cikewa a intanet cikin minti uku su ce muku “kai matuƙin jirgin sama ne” kuwa, ku ɗauke su a matsayin nishaɗi.

Abin da ya fi amfanar malami, a ganinmu, shi ne ma'aunin da Itamar Gati da abokan aikinsa biyu suka fitar a 1996, saboda shi dalilin cijewar yake nema. Sun ce matsalolin zaɓe iri uku ne manya. Akwai wanda bai ma shirya ba: ko abin bai dame shi ba, ko komai na rayuwa yana masa wuyar yankewa, ko yana riƙe da wani gurguwar fahimta, kamar cewa sana'a ɗaya tak ce ta dace da shi a duniya, in ya rasa ta shi ke nan. Akwai wanda bayani ne ya yi masa ƙaranci, irin abokinmu mai JAMB uku. Sai wanda bayanan da ke hannunsa suke karo da juna: zuciyarsa ta rabu biyu, ko shi yana son abu iyayensa na son wani. Duk ukun nan in ka tambaye su za su ce maka “ban san abin da zan karanta ba”, amsa iri ɗaya, ciwo daban-daban. In an tara su a zaure guda an kira likita da lauya sun yi musu jawabi na ranar sana'o'i, na tsakiyan ne kawai ya ƙaru. Na ukun abin da yake buƙata shi ne a zauna da shi da mahaifinsa.

Yanzu mu juya ga ɓangaren da ba a cika kawo shi a shafukan ɗalibai ba, alhali yana cikinmu. Ba a makaranta kaɗai ake wannan awon ba. Ana yin sa ga mutanen da wata lalura ta katse musu hanya, ake son a taimaka musu su sake tsayawa da ƙafarsu: ɗan aji biyar da haɗarin babur ya raba shi da ƙafa, yarinyar da ganinta ya tafi, wanda shan-inna ta kama tun yana ƙarami, matashin da ya fito daga cibiyar gyaran hali bayan ya rabu da ƙwaya. A Amurka wannan fanni ya kafu ne sakamakon Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka yi doka a 1918 don koya wa sojojin da suka nakasa sana'a, aka kuma faɗaɗa ta ga farar hula a 1920.

Masu wannan aiki ba takarda kaɗai suke dogara da ita ba. Sukan ba mutum ɗan yanki na aikin gaske, ya kwance waya ya mayar, ya buga wasiƙa a kwamfuta, ya auna yadi ya yanka, su ga saurinsa da haƙurinsa da kuma ko yana jin daɗin abin. Sukan kai shi shago ko ofis ya yi kwanaki suna lura. Sukan kuma zauna su lissafa abin da ya riga ya iya wanda zai ɗauka zuwa wani aikin. Direban da ya rasa ƙafa bai rasa sanin hanyoyi da sanin inji da iya magana da fasinja ba, kuma waɗannan jari ne a tasha ko a shagon kayan gyaran mota.

Amma ga inda abin yake da santsi. Sau da yawa yaro mai buƙata ta musamman yakan taso komai an zaɓar masa, daga rigar da zai sa har inda zai zauna, don tausayi. Ba a aikensa kasuwa, ba a zuwa da shi gareji ko ofis. Ranar da aka ba shi takardar awon sanin sana'o'i, makinsa zai fito ƙasa, kuma malami mai gaggawa zai rubuta cewa bai iya yanke shawara ba. Alhali abin da takardar ta auna shi ne ƙofofin da aka rufe masa. Haka ɗalibi mai lalurar ji, wanda yaren hannu ne harshensa na farko, in aka ba shi tambayoyi cikin dogon Turanci, Turancinsa aka auna. Mai lalurar gani yana buƙatar rubutun makafi ko wanda zai karanta masa da ƙarin lokaci. Idan ba a gyara ma'aunin ba, sakamakon ƙarya zai bayar, kuma ƙaryar za ta bi yaron cikin fayil ɗinsa.

Mu kuma al'umma muna da namu awon na gado, wanda ba ya buƙatar takarda: makaho saƙa ko bara, gurgu gyaran takalmi, kurma ɗinki ko kafinta. Ba mu raina saƙa da ɗinki ba, sana'o'i ne da ke riƙe da gidaje. Abin da muke ƙi shi ne a yanke wa mutum sana'a daga kallon jikinsa kafin a ji ta bakinsa. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri da ke Jihar Filato. Akwai kwalejin ilimi ta tarayya a garin Oyo da aka keɓe don horar da malaman masu buƙata ta musamman. JAMB tana da tsari na musamman na zana wa masu lalurar gani jarrabawa. A watan Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ko ana bin dokar yadda ya kamata, wannan wata maganar ce. Amma ɗan ajinku mai keken guragu ya kamata ya san tana nan, domin yana cikin “sanin ayyuka” ɗin nan na gida na biyu, kuma wataƙila ku ne za ku fara gaya masa.

Kada mu tashi ba mu faɗi inda muke da ja da ma'aunan nan ba. Yawancinsu an ƙera su ne don yaran Amurka, inda ake ɗauka matashi shi kaɗai yake yanke shawararsa, kuma dogaro da ra'ayin iyaye alama ce ta rashin balaga. A gidajenmu ba haka abin yake ba. Yaron da ya ce sai ya ji ta bakin Baba da Kawu, ko ya duba ko kuɗin makarantar zai hana ƙannensa karatu, ba rauni ya nuna ba, lissafi ya yi wanda takardar ba ta san da shi ba. Raunin shi ne ya je gaban Baba hannu rabbana, babu bayani babu hujja, a ce masa “likitanci” ya ce “to”, sannan ya shekara uku yana ƙunƙuni a ɗaki. Mun lura yawancin iyaye ba likitancin kansa suke so ba, so suke ɗansu ya samu abin yi mai mutunci, likitanci ne kawai sunan da suka sani. Ka je da sunan kwas, da shekarunsa, da inda ake aiki da shi, da mutumin garinku da ke cin abinci da shi, ka ga ko zancen ba zai sauya ba.

Sai kuma halinmu na ɗalibai. Mun saba da jarrabawa, don haka duk takardar da aka miƙo mana amsar da malami yake so muke nema. A wannan awon babu ci babu faɗuwa, wanda ya yi ƙarya kansa ya cuta. Kuma sakamakonsa hoton yau ne kawai, wata shida na tambaya da yawon gani da ido za su iya sauya shi. Duk malamin da ya ɗaga takarda ya ce maka “awo ya nuna ba za ka iya ba, ka manta”, bai fahimci kayan aikinsa ba. Ka yi masa ladabi, ka nemi ya nuna maka wane gida ne daga cikin biyar ɗin kake da rauni, da abin da za ka yi a kai.

Mun san wasunku za su ce makarantarsu ba ta da malamin gaidans, ko tana da shi amma an ɗora masa darasi da aikin kula da jarrabawa har ba ya samun zama. To ga abin da za ku yi kafin fitowa ta gaba. Kowa ya samu takarda ya rubuta sana'ar da yake so, ya rubuta darussa huɗu na JAMB da ake nemanta da su ba tare da ya tambayi kowa ba, sannan ya je ya duba kundin JAMB ya ga ko ya yi daidai. Ya nemi mutum ɗaya da yake wannan aikin, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi yadda ranarsa take daga safe zuwa dare da abin da ya fi ƙi a aikin. A ƙasan takardar kuma ya rubuta abin da zai yi in wannan ba ta samu ba, da sunan kwas da sunan makaranta. Wanda ya tarar layin ƙarshen nan ya gagare shi, ya kai takardar wa malamin ajinsu ko wani yaya da ke jami'a su cike tare.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba kwasa-kwasan kiwon lafiya da ba likitanci ba, da darussan da kowannensu yake buƙata tun daga aji huɗu.